Mayafin Wuri: Tarihin Kalmar Pallium daga Rum zuwa Kasuwar Adjamé

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Adjamé a birnin Abijan, ya bi ta wajen masu sayar da saiwoyi da layu da fatun namun daji, zai ga ana kasa wuri a faranti ko a kan buhu. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a Hausawa ne 'yan ci-rani daga Jamhuriyar Nijar da Arewacin Nijeriya. Wata rana na tsaya gaban wani dattijo daga cikinsu, na ɗauki wuri guda na ce, "Baba, me ake goga wa wannan abu yake irin wannan sheƙi?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ba a goga masa komai. Haka Allah ya yi shi, haka yake zuwa mana." Gaskiya ya faɗa. Babu hannun ɗan Adam a sheƙin wuri. Wata gaɓa ce ta jikin halittar da ke cikinsa take yin aikin tun tana da rai, kuma sunan wannan gaɓa a littattafan kimiyya shi ne "pallium" da Latin, "manteau" da Faransanci, "mantle" da Ingilishi.

Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan kalma: ma'anarta ta asali a bakin Rumawa, yadda ta koma kalmar fannu, da yadda abin da gaɓar ke ƙerawa, wato wuri, ya shigo ƙasar Hausa har ya ba mu kalmar "kuɗi". Manufar ita ce ɗalibin harshe ya gane cewa kalmomin kimiyya da ke ba shi tsoro kalmomin gida ne a harsunan da suka haife su. Idan ya gane haka, zai san ta inda zai ɓullo wa aikin ƙirƙirar kalmomin fannu da Hausa.

2.0 Gaɓar da ake magana a kanta

Wuri ɓawon wata halittar teku ce 'yar dangin dodon koɗi. Dukkansu suna cikin babban rukunin halittu marasa ƙashin baya da masana ke kira Mollusca, daga kalmar Latin "mollis", wato mai taushi. Jikin irin waɗannan halittu yana da kai, da ƙafa guda mai faɗi da suke jan ciki da ita, da tarin kayan ciki, sai kuma wani shimfiɗaɗɗen nama mai laushi da ya lulluɓe kayan cikin ta sama ya sauko ta gefe. Wannan naman shi ne pallium.

Ayyukansa manya guda biyu ne. Na farko, shi ne ke gina ɓawo. Yana fitar da sinadarin kalsiyam kabonet, irin wanda ke cikin alli, haɗe da wani furotin da ke riƙe shi, yana jera su hawa-hawa har ɓawo ya yi ƙarfi. Lu'ulu'un da ake samu a cikin wasu halittun teku masu ɓawo biyu ma aikinsa ne: idan wani baƙon abu ya shiga jikin halittar, sai naman ya yi ta dalaye shi da sinadarin har ya zama ƙwallo mai sheƙi. Na biyu, naɗewar da yake yi tana barin wani kogo tsakaninsa da sauran jiki, kuma a cikin wannan kogo gaɓoɓin numfashi suke. Manyan dodannin koɗi na daji da ake sayarwa a kasuwannin Abijan don yin miya, tun da a tudu suke zaune, kogon nasu ya koma kamar huhu, iska suke shaƙa da shi.

A jikin yawancin dangin dodon koɗi, naman yana ƙarƙashin ɓawo ne, yana ƙara gini a bakin ɓawon kawai, shi ya sa bayan katantanwa yake da kaushi. Na wuri ya sha bamban. Nasa naman yana da fiffike biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, waɗanda ke fitowa ta tsagar da ke ƙasa, su hau bayan ɓawon su haɗu a tsakiya, su rufe shi ruf. A duk lokacin da suka rufe shi suna ƙara masa sabon shafe mai santsi, suna kuma hana ƙananan halittu da gansakuka manne masa. Idan wani abu ya taɓa halittar, nan take za ta janye fiffiken biyu ciki, ɓawo ya bayyana fes. Wannan shi ne amsar tambayar da na yi wa dattijon Adjamé.

Akwai wani abin lura kuma. Wuri yana ƙarami ɓawonsa siriri ne mai murɗe, kamar na sauran danginsa. Idan ya kai munzali sai leɓen ɓawon ya naɗe ciki, haƙoran nan da muke gani a gefen tsaga su fito, girma ya tsaya, daga nan sai kauri kawai yake ƙarawa. Saboda haka wuri ya zamo ƙarami, mai ƙarfi, mai wuyar fashewa, mai wuyar kwaikwayo, kuma kusan kai ɗaya da ɗan'uwansa. Waɗannan su ne siffofin da ake nema ga duk abin da za a yi ciniki da shi.

3.0 Pallium a bakin Rumawa

A ƙasar Rum ta dā, pallium sunan tufafi ne. Ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, galibi na ulu, ba a ɗinka masa hannu ko wuya, yafa shi kawai ake yi a kafaɗa a naɗe jiki. Da dare ma ana iya lulluɓa da shi. Rumawa suna ganinsa a matsayin suturar Girkawa, domin tasu suturar ta 'yan ƙasa ita ce "toga". Har wasannin barkwancin da aka ɗauko daga Girkanci aka mayar Latin, irin na Plautus wanda ya rasu a shekara ta 184 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana kiran su "fabula palliata", wato wasan masu yafa pallium. Irin wannan mayafi na mata kuwa sunansa "palla".

Da tafiya ta yi nisa sai pallium ya zama alamar masana falsafa da masu gudun duniya. Wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubuci ɗan birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, mai suna Tertullian, ya rubuta ɗan littafi sukutum mai suna De Pallio yana kare kansa daga masu yi masa tsiya don ya ajiye toga ya koma yafa pallium. Daga baya kalmar ta shiga cocin Katolika, inda ta zama sunan wata siririyar ɗamara ta farin ulu da Fafaroma ke ba manyan limaman da ke shugabantar lardunan coci, ciki har da na Abijan.

Daga sunan aka samu aikatau "palliare", wato lulluɓewa ko rufa wa abu asiri. Likitocin Turai sun ɗauke shi suka riƙa kiran maganin da ke sauƙaƙa raɗaɗi ba tare da ya warkar da cuta ba da wannan suna, domin lulluɓe ciwon yake yi. Ɗaliban Nijeriya sun san jikanyar wannan kalma, wato "palliative", wadda ta cika bakin jama'a a shekarar 2020 lokacin kullen annobar korona, da kuma 2023 bayan cire tallafin man fetur. Gidajen rediyon Hausa sun fassara ta da "tallafin rage raɗaɗi", kuma fassarar ta dace da asalin ma'anar ƙwarai.

Latin yana da wata kalmar ta daban mai ma'anar mayafi, wato "mantellum". Plautus ya yi amfani da ita a wasansa Captivi da ma'anar abin da ake rufe ƙarya da shi. Ita ce ta haifi manteau na Faransanci, da mantle na Ingilishi, da Mantel na Jamusanci. Ke nan kalmomi biyu ne masu tushe daban suka haɗu a kan gaɓa ɗaya, kuma abin da ya haɗa su shi ne ma'ana: dukkansu sunan abin yafawa ne.

4.0 Daga tufafi zuwa kalmar fannu

Har zuwa ƙarni na 18 yawancin Turawan da ke sha'awar halittun teku ɓawo kawai suke tarawa a akwatuna, suna rarraba shi bisa launi da siffa, ba ruwansu da naman da ya gina shi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sauya wannan hanya a Afirka ta Yamma ya yi aikinsa. Shi ne Bafaranshe Michel Adanson, wanda ya isa Senegal a 1749 ya yi shekaru yana nazari, ya kuma buga littafinsa kan halittu masu ɓawo na wannan gaɓar teku a 1757. Ya dage cewa sai an dubi halittar da ranta kafin a san danginta. Da aka fara duban naman, dole a sa wa sassansa suna, kuma masanan Faransa suka ga wannan shimfiɗaɗɗen nama ya fi kama da mayafi, suka kira shi manteau. Georges Cuvier, wanda ya sake tsara rukunin Mollusca a 1795 bisa fiɗar jikinsu, ya kuma buga babban littafinsa kan rabe-raben dabbobi a 1817, ya ƙara kafa kalmar a fagen ilimi.

Da yake Latin shi ne harshen da masanan Turai suka yi tarayya a kansa, sai aka ajiye pallium a matsayin takwarar manteau, kuma daga gare ta ake ƙera sifa. Shi ya sa ɗalibin kimiyya a Abijan zai ga malaminsa ya rubuta manteau, a layi na gaba kuma ya rubuta "cavité palléale" yana nufin kogon da muka ambata, ko "ligne palléale" yana nufin sawun da naman ke bari a cikin ɓawon halittu masu ɓawo biyu. Ɗalibin Kano ko Zariya shi ma zai ga mantle a nan, "pallial" a can. Wanda bai san tarihin ba zai ɗauka abubuwa biyu ne, ya haddace su daban-daban, alhali magana ɗaya ce. Wannan hoto na mayafi ya yi wa masana daɗi har suka kai shi wasu fannonin: ɓangaren ƙwaƙwalwa da ya lulluɓe ta ta sama ana ce masa pallium, kaurin dutsen da ke tsakanin ɓawon duniya da cibiyarta kuma ana ce masa mantle ko manteau.

Ba pallium kaɗai ba ce ta fito daga cikin gida. "Operculum", ɗan faifan da wasu dangin dodon koɗi ke toshe ƙofar ɓawonsu da shi, ma'anarta murfi. Ƙananan katantanwa masu tsini da ke cikin taɓon tafkin Ébrié, wanda ya raba Treichville da unguwar Plateau, suna da shi. Babban wuri kuwa ba shi da shi. "Radula", harshen halittar mai ƙananan haƙora da take kankare abinci da shi, daga aikatau "radere" take, wato kankarewa, ma'anarta makankari. "Umbo", tudun da ke kusa da mahaɗar ɓawo biyu, asalinta ƙullutun ƙarfen da ke tsakiyar garkuwar sojan Rum. Mayafi, murfi, makankari, cibiyar garkuwa: kayan ɗaki da na fagen fama ke nan.

Sunan wurin kansa yana da irin wannan labari. A 1758 Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya sa wa wurin ciniki suna Cypraea moneta, ya sa wa ɗan'uwansa mai zoben ruwan ɗorawa a baya Cypraea annulus. Cypraea daga sunan tsibirin Kubrus take, wanda Girkawa ke dangantawa da gunkiyarsu ta ƙauna. Annulus kuwa zobe. Yau masana sun fi sa su biyun a ƙarƙashin sunan Monetaria. Ita moneta laƙabin gunkiyar Rumawa Juno ne, kuma a kusa da ɗakin bautarta da ke Rum ake buga tsabar kuɗi, sai sunan ya koma na kuɗin. Daga nan aka samu "monnaie" na Faransanci. Duk lokacin da yaron motar gbaka a tashar Adjamé ya yi wa fasinja gargaɗin ya shigo da monnaie, wato canji, yana furta rabin sunan wuri na kimiyya bai sani ba.

Haka nan Italiyawa suna kiran wuri "porcellana", daga "porcella", 'yar alade, saboda siffarsa. Da kwanukan ƙasar Sin masu sheƙi suka iso Turai, sai aka ga santsinsu irin na wuri ne, aka ba su sunansa. Har yau a Faransanci "porcelaine" tana nufin tangaran, tana kuma nufin halittar wuri. Ashe sheƙin da pallium ke yi shi ya raɗa wa tangaran suna a harsunan Turai.

5.0 Yadda wuri ya zo mana

Tekun da ke gaban Abijan yana da nasa irin wurin, amma babu moneta ko annulus a cikinsa. Waɗannan biyun 'yan tekun Indiya da Fasifik ne. Cibiyar moneta a tarihi ita ce tsibiran Maldib, kudu maso yamma da Indiya. Marubucin Larabci Al-Mas'udi ya bayyana tun ƙarni na 10 yadda mutanen tsibiran ke jefa rassan kwakwa a ruwa, halittun su manne, a jawo su a shanya a rairayi har naman ya ruɓe, ɓawo ya saura. Ibn Battuta ya zauna a tsibiran a 1343 zuwa 1344, ya kuma zo daular Mali a 1352 zuwa 1353. Ya ce a Maldib ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya, amma a Mali da Gawo ya ga ana ba da 1,150 kacal a kan dinari. Bambancin ya kusa ninki 350, kuma shi ya sa fatake suka jure ɗauko shi ta Masar da Magrib su ratso Sahara.

Daga ƙarni na 16 Turawan Fotugal suka fara kawo shi ta jirgin ruwa, Holandawa da Ingilishi suka bi sawu. A nan tarihin ya yi muni, domin bayi ake saye da shi a gaɓar tekun Gini. Masana tarihi Jan Hogendorn da Marion Johnson, a littafinsu na 1986 kan wannan ciniki, sun ƙiyasta cewa a ƙarni na 18 kaɗai an shigo da wuri sama da biliyan 10 Afirka ta Yamma. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ce a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa.

Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar komai da wuri ake saye. Ya rubuta sunansa "kurdi", ya ce 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. A garuruwan bakin teku ana huda wuri a shirya shi a zare. A ƙasar Hausa kuwa a warwatse yake, ana ƙirga shi biyar-biyar da yatsu a ƙasa, a tara a ɗure a keso, kowane keso 20,000. Barth ya ga wannan wahalar ƙirga da idonsa a Tasawa.

A tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Hambag ta Jamus da na Marsai ta Faransa suka gano cewa annulus yana da yawa kuma yana da araha a gaɓar Zanzibar. Suka yi ta jigilarsa, kasuwa ta cika, darajar wuri ta yi ta faɗuwa har ya zamana kuɗin ɗaukar kaya zuwa nesa yana cinye rabo mai yawa na kayan. A 1904 gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri Arewacin Nijeriya, aka tura jama'a ga sule da kwabo da anini. Duk da haka ƙananan kasuwannin ƙauye sun ci gaba da karɓarsa shekaru da dama.

6.0 Hausawa, wuri da ƙasar Kwaddibuwa

Alaƙar Hausawa da ƙasar da yau ake kira Kwaddibuwa ta girmi birnin Abijan. Fataucin goro ya kai ayarin Kano da Katsina zuwa Gwanja da Salaga, daga can wasu suka zarce Bonduku da Kong. Louis-Gustave Binger, wanda ya shiga Kong a 1888, ya tarar da unguwar Hausawa marina a garin, ya kuma ga ana ciniki da wuri da garin zinariya. A farkon 1889 ya haɗu a can da Marcel Treich-Laplène, mutumin da aka sa wa Treichville sunansa. A kudancin ƙasar kuwa ba wuri ne ke da rinjaye ba: ƙabilun Akan garin zinariya suke aunawa, a yankin Guro ana amfani da 'yan sandunan ƙarfe da ake kira "sombe", a bakin tafkuna kuma da mundayen tagulla.

Abijan ta zama hedikwatar mulkin mallaka a 1934. Turawa suka zauna a Plateau, aka bar wa 'yan Afirka Adjamé ta arewa da Treichville ta kudu, a hayin tafki. Da aka buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jirage suka fara shigowa, birnin ya bunƙasa, 'yan ci-rani suka yi ta kwararowa, Hausawa a cikinsu, masu sayar da nama da albasa da goro da magungunan gargajiya. Wurin da ke farantin dattijon nan yanzu ba kuɗi ba ne. Masu duba suna zuba shi, ana ɗinka shi a laya da kayan rawa, mata suna sa shi a kitso da sarƙa. A Treichville ɗin kuma akwai cibiyar binciken teku ta ƙasar, inda masana ke rubuta manteau da palléal a rahotanninsu. Tsakanin mai kasa wuri da mai nazarin halittarsa tafiyar mota ce 'yar kaɗan, amma babu kalma ɗaya da ta haɗa su.

A harshe kuwa wuri bai mutu ba. Jam'insa shi ne kuɗi, kuma wannan jam'i ya rabu da tilonsa ya zama sunan duk abin da ake ciniki da shi, ko Naira ko Sefa ko lambobin da ke yawo a wayar hannu. Muna cewa an biya miliyan kaza "wuri na gugar wuri", wanda hoto ne na tsabar wuri tana gogar juna a buhu. Ƙirga kuɗi da mazubi ma bai bar mu ba: keso ya tafi, jaka ta gaje shi, a Nijeriya Naira 200, a Nijar da wajen Hausawan Abijan Sefa 1,000. Maƙwabta ma haka: sunan kuɗin Gana, sidi, wanda aka fara a 1965, daga kalmar Akan mai nufin wuri yake.

7.0 Wace kalma Hausa za ta ɗauka?

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana mana kalmomin wuri da cinikinsa. Amma Bahaushe ɓawon kawai ya sani, bai taɓa ganin halittar da ranta ba, don haka bai sa wa sassan jikinta suna ba. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, ya yi wa fannin harshe da adabi wannan aiki. Fannin halittu yana jiran irinsa, kuma ɗaliban da ke karanta wannan takarda su ne za su fassara littattafan makaranta da shirye-shiryen rediyo gobe.

Hanya uku ce a gabanmu. Ta farko ita ce aro, mu ce "mantul" ko "manto" ko "faliyum". Illarta ita ce Hausawa sun rabu tsakanin masu karatu da Ingilishi da masu karatu da Faransanci. Ɗan Zariya zai ari ɗaya, ɗan Maraɗi ko Adjamé ya ari ɗaya, a wayi gari gaɓa ɗaya tana da suna biyu, kuma babu wanda ke gaya wa yaro komai game da ita. Ta biyu ita ce bayani, mu ce "tantanin da ke gina ɓawo". Wannan daidai ne amma ya yi tsawo, kuma tantani ya riga ya yi aiki da yawa a jikin mutum da dabba, ga shi kuma gaɓar a jikin wasu halittun tsoka ce mai kauri. Ta uku ita ce mu yi abin da Faransawa da Jamusawa suka yi, har da Larabawa da ke kiran gaɓar da sunayen tufafinsu irin su burnus da abaya: mu fassara hoton.

Idan haka ne, wace sutura? Riga ɗinka ta ake yi, ana zura ta ta wuya, ba ta dace ba. Alkyabba ta sarauta ce, ita ma ɗinkakkiya. Bargo na barci ne, ga haɗarin ruɗa shi da ɓargo a rubutun da ba a sa ƙugiya ba. Gyale ya keɓanta ga mata. Saura mayafi. An gina shi daga aikatau "yafa" da ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, tsarin da ke ba mu sunan kayan aiki kamar mabuɗi da madubi. Ƙyalle ne marar ɗinki, na maza da mata, ana yafa shi ana yaye shi, daidai da pallium na Rumawa, daidai kuma da abin da wuri ke yi da namansa. Yana kuma karɓar ƙari cikin sauƙi: kogon mayafi, sawun mayafi, bakin mayafi, fiffiken mayafi. Wannan ita ce shawarata.

Wajibi ne malami ya faɗa wa ɗalibai inda hoton ya gaza. Mayafin mutum wani ne ya saƙa shi, ana iya cire shi a rataye. Na halitta naman jikinta ne, shi ne ma yake gina mata ɗaki, kuma a jikin yawancin danginta a ƙarƙashin ɓawo yake. Wannan gazawa tana nan a Latin da Faransanci ma, ba ta hana su aiki da kalmar fiye da shekara ɗari biyu ba. Sunayen jinsi irin su Monetaria moneta kuwa a bar su yadda suke, domin yarjejeniya ce ta duniya baki ɗaya.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa pallium sunan mayafi ne a Rum, cewa masanan ƙarni na 18 sun ɗora hoton mayafin a kan naman da ke gina ɓawo, kuma cewa wannan nama shi ya ba wuri sheƙi da ƙarfin da suka sa ya zama kuɗin ƙasar Hausa kusan shekara ɗari biyu. Darasin ga ɗalibi shi ne: kafin ka ari kalmar fannu, tambayi ma'anarta a harshen da ta fito. Sau da yawa za ka tarar takwararta tana rataye a ɗakin mahaifiyarka.

Aiki ga ɗalibai: a nemo asalin operculum da radula da umbo a ƙamus, a kawo wa kowace kalmar Hausa guda biyu da za su iya maye gurbinta, a bayyana dalilin fifita ɗaya. Sannan a gwada kalmar da aka zaɓa a kan mutum biyu da ba su yi boko ba, a rubuto abin da suka fahimta da ita.